Wanda ke ƙarƙashin agogo

Shekarun baya, lokacin da na fara sanin Linux, manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta, na kamu da ciwon sabon shiga: duk kwamfutar da na gani sai in ga tana neman taimakona. Ta yayata ce ta fara shiga hannu. Tsohuwar kwamfuta ce, sai ta yi nishi kafin ta buɗe, kuma a cikinta Yaya ke rubuta kundin digirinta na biyu.

Na sa mata Linux ɗin nan na 'yan koyo, muka zauna lafiya. Sai wata Laraba da hantsi, Yaya tana kicin, na canza mata fuskar allon gaba ɗaya zuwa wata mara nauyi. Ban tambaye ta ba. Masani ai ba ya neman izini.

Abin da ban lura da shi ba, Yaya ba da suna take gane fayilolinta ba, da mazauni take gane su, kamar mai tireda da kayansa. Kwafi goma sha ɗaya ne a kan allon: "kundi", "kundi sabo", "kundi na ƙarshe", "na ƙarshe wallahi". Wanda malaminta ya amince da shi yana kusurwar dama, ƙarƙashin agogon allon. Sabuwar fuska kuwa, don tsabar ladabi, ta jera su sahu ɗaya.

"Mi ka yi ma kwamfuta ta?"

"Gyara ne, Yaya."

"Ina wanda ke ƙarƙashin agogo? Yau za ni Gidan Igwai a buga shi, gobe ni ka miƙawa!"

Na duba kwanan wata. Duk ɗaya ne, domin ni na kwafo su rana guda, ranar da na sa Linux. Shafi ɗari da wani abu kowanne, bambancinsu gyare-gyaren malami. Zufa ta fara bin bayana, kuma ba ta zafin Sakkwato ba ce.

"Malam masani, ka yi shiru."

Na fita daga sabuwar fuskar, na koma wurin sa kalmar sirri. Can gefe ga wani ɗan maɓalli, na danna, sai ga sunan tsohuwar fuska. Ashe ban goge ta ba. Na zaɓe ta, na yi bisimilla. Kwamfutar ta yi nishinta, fayiloli suka watsu kowa ya koma gidansa. Yaya ta ɗora yatsa ƙarƙashin agogo.

Sunansa "kundi sabo". Ni kuwa saura kaɗan in ce ta buga "na ƙarshe wallahi".

Har yau ina canza fuskar tawa kwamfutar yadda na ga dama. Amma in na ga hargitsi a allon wani, hannuna a aljihu nake barinsa.