Nesta, Wadda Ta Hana Fuskokin Kwarinmu Ɓacewa

Kafin hayaƙi ya tashi daga gidajen kwarin Gwernog, Nesta Pritchard ta riga ta tada jar motar gidan waya. Wasiƙu a baya, kyamara a kujerar gefenta. Kusan shekara arba'in tana hawa gonakin kan tudu, ta sauka cikin ruwan sama ta buɗe ƙyauren shinge, ta wuce, ta sake sauka ta rufe don kada tumakin mutane su fita. A wannan watan take ajiye aiki. Gidan waya zai yaba mata kan wasiƙu. Babban aikinta kuwa babu wanda ya sa ta.

Ta ɗauki hotonmu a ranar kasuwar raguna, a wajen shan shayin coci, a bakin kabari. Sannan ta hana mu wani aikin banza da muka saba. Idan tsoho ya mutu, magada su kwashe ɗakinsa, su jefa akwatin hotuna a wuta, wai ba su san kowa a ciki ba. Abin kunya ne, kuma kusan kowane gida ya aikata. Nesta takan roƙi akwatin, ta bi gida gida tana tambayar wane ne wannan.

Hoto guda ya gagare ta: gayyar askin tumaki ta ƙarshe a gonar Hafod, kafin injin aski ya zo kowa ya koma ɗaukar ɗan ƙwadago. Mutum sama da talatin, kuma ɗaya kaɗai ya rage da rai, Idwal Blaen-nant. Ya haura casa'in, ƙirjinsa ya fara kasawa. In ya tafi, sunayen sun tafi. Ga shi ya yi shekara ashirin ba ya amsa gaisuwarta, domin ta taɓa ɗaukarsa hoto yana kwasar ciyawa ranar Lahadi, alhali shi dattijon coci ne mai tsawata wa wasu kan aikin Lahadi.

Ta je duk da haka. 'Yarsa Eirlys tana kicin, ita ta ba da labarin.

"Kawu Idwal, ga burodin zabibi na kawo maka," in ji Nesta.

"Ajiye burodin. Ke kuma ƙofa tana inda kika bar ta."

Ta ajiye hoton kusa da kofinsa. Ya kalle shi ta wutsiyar ido.

"Ki ƙona nawa na Lahadi tukuna, sai mu yi magana."

"Ba na ƙona hoto, Kawu. Ko naka."

"To ni ma tsufa ya kama ni. Ban gane kowa ba."

Nesta ta zaro fensir. "Shi ke nan. Na dai san kusan dukansu Jones ne. Bari in rubuta Jones, Jones, Jones, in huta."

A kwarin nan rabin mutane Jones ne, da sunan gonarsa ake sanin mutum. Mai karɓar haraji ne kawai ke kiran mutum Jones tsurarsa. Tsohon ya fizge hoton.

"Jones ɗin wa? Wannan Dai Hafod ne, yarinya. Kafin ki gama hamma ya aske tunkiya."

"Na gefensa fa, mai hular nan?"

"Wil Penrhiw. Ragon maƙwabci ba ya shiga gonarsa ya fito. Amma rubuta shi, ranar ya yi aiki."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan yabo, wancan zagi, har yatsansa ya tsaya kan wata mace a bayan layi, riƙe da butar shayi. Bai taɓa sanin akwai hotonta a duniya ba.

"Marged Blaen-nant," in ji shi. "Uwata ce. Ki rubuta da kyau."

Asabar da ta wuce aka rataye hotunan a zauren ƙauye, kowace fuska da sunanta da gonarta. Zauren ya cika har waje. Jikokin da suka watsu cikin birane sun zo, suna bin bango da yatsa suna neman nasu. An turo Idwal a keken guragu, ya kafa kansa a gaban hoton gayya yana gyara wa mutane labari da ƙarfi. Da Nesta ta zo wucewa, ya cire hularsa don girmama ta a gaban kowa.

Ke ce, Nesta, mai tsamo mutane daga bakin wuta. Ke ce kika jure ƙyaure da kare da fushin tsofaffi, ba ki ƙona gaskiya don a yi miki murmushi ba. Mun gode, kuma mun makara da godiyar.

Ku kuma masu karatu, kada ku tafa mata ku koma ku zauna. Kowannenku yana da akwati a ƙarƙashin gado, yana da tsohuwa ko tsoho da bai leƙa ba tun Kirsimeti. Ku ɗauki akwatin ku je yau, tun akwai mai amsa muku.