Ranar da Inna Ta Ƙi Maido Yaron

Shekarar da kyanda ta ɗauke ƙanena Sani ina da shekara bakwai, muna zaune a Kucheri gidan kakata, wadda kowa ke kira Inna. Tun ranar da aka fita da shi na daina magana. Kullum da hantsi sai in je bakin zaure in tsaya, ina jiran a maido shi.

Ran nan bayan magariba Inna ta hura wuta da karan dawa a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, ta kira mu jikokinta. Ni ta ɗora bisa cinya. Ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, ku ba ta wuri."

Labarin wata yarinya ne da gulbi ya ci ƙanenta wajen shayar da maruƙa. Ta faɗa ruwan ta bi shi. Kada mai haƙoran ƙarfe ya tare ta, ta ba shi furarta, ya bar ta ta wuce, har ta isa wani gari a ƙarƙashin ruwa inda kifaye ke saƙa. Can ta iske ƙanenta yana kiwon fararen maruƙa, ya yi ƙiba, yana dariya. Tsohuwar garin ta ce mata, "Ki rungume shi, amma wanda ya sha ruwanmu ba ya komawa." Yarinyar ta yi kuka. Ƙanen ya raka ta har gaɓa, ta koma gida ita kaɗai, ta tarar da uwarta ta ajiye mata tuwo.

Goggo Hajara, ƙanwar babana, tana kaɗi a gefe. Ta ajiye mazari ta ce, "Haba Inna, ki maido mata shi mana. Yara ne fa."

Inna ta shafa kaina ta ce, "In na maido shi, wagga gobe za ta koma bakin zaure. Ba ni yi ma ɗiya ƙarya kan wanga abu."

Sai na ji bakina ya buɗe. "Inna, can ana ba shi abinci?"

"Ana ba shi, har ya ci ya bari."

Na kifa fuskata cikin zanenta na yi kukan da na kwana ashirin ban yi ba.

Bayan shekaru na zama malama a wata makarantar 'yan mata a Gusau, aka ba mu zaɓen littattafan labaran al'ajabi. Wata abokiyar aikina ta ware wani, ta ce akwai mutuwa ciki, bai dace da yara ba. Na tuna hannun Inna a kaina. Na ce mata yaran nan sun riga mu sanin tsoro, wasu sun san rashi. Suna son labarin da zai shiga wurin nan tare da su, ya faɗi gaskiya, ya kawo su gida. Ta mayar da littafin kan kantar littattafai. Shi ne ya fara yagewa don yawan karatu.