Ranar da Direban Gana Ya Dawo a Ƙasa

A Tsafe, a shekarun nan da aka bar fam da sule aka koma naira, kowace matar direba ta san hon ɗin motar mijinta. Na maigidana dogo ne guda sai gajeru biyu, kuma tun daga kwanar shiga gari yake danna shi. In na ji, ko tuwo nake tuƙawa sai na saki muciya na yi ƙofar gida.

Wani Alhaji na Gusau yake ja wa gingimari. Wake da kanwa da busasshen barkono yake ɗauka, ya gangara Ikko, ya bi bakin teku har Gana, ya juyo da goro. Tafiya guda sai ta cinye wata, wani lokaci ta zarce. Ni dai ban taɓa son hanyar nan ba, kuma ban taɓa furtawa ba. Wa zan faɗa wa? Ita ke ciyar da mu, ni da shi da 'yarmu da Inna mahaifiyarsa. Ga shi mutum ne mai ji da kansa. In ya zauna a tasha ana ce masa direban Gana, har wani kumbura yake kamar alkubus.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a garinmu: direba ba ya dawowa gida a ƙasa. In ka ga ya shigo gari da ƙafa, tabarma a hammata, buta a hannu, to ɗayan biyu ne. Ko mota ta faɗi, ko an karɓe makulli.

Maƙwabciyata ce ta fara jefa ni cikin zullumi. Kirista ce daga kudu, mijinta akawu ne a tashar jirgin ƙasa, muna musayar gishiri da labari ta kan katanga. Wata rana, maigidana na kan hanya, ta leƙo ta ce mijinta ya ji Alhaji ya kama taragu a Gusau. Wai daga yanzu jirgin ƙasa zai kai waken Ikko, daga can kuma jirgin ruwa ya bi bakin teku da shi zuwa Gana.

Na ce, "To motar fa?"

Ta ce, "Wallahi maman yarinya, ban sani ba."

In jirgi ya ɗauke kaya, mi za a yi da direba? Ban gaya wa Inna ba. Na ci gaba da kasa kunne, duk motar da ta yi hon a kwana sai in saki abin da nake yi, sai kuma in ji ba namu ba ne.

Ran nan da azahar jirgin ƙasa ya yi kuka ya wuce. Ban ko kula ba, ina cikin madafi. Can sai na ji sallama, muryarsa. Na leƙo. Ga shi tsaye a tsakar gida, tabarma a hammata, buta a hannu, ƙura har gira.

Inna na tsintar shinkafa, faifan ya suɓuce mata. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mi ya faru? Ina mota? An rasa rai?"

Kafin ya amsa gida ya fara cika, don an ga saukarsa tun daga tashar jirgi. Mata suna ta "Allah ya kiyaye gaba", wani tsoho daga zaure yana ɗaga murya wai in da rai da rabo. Shi kuwa gogan naka ya shimfiɗa tabarmarsa ya zauna, ya ce a ba shi ruwa. Ya sha a hankali, ya kurkure baki, ya sake sha. Kai, mutumin nan! Ni ina tsaye bakin madafi, kunyar Inna ta hana ni tambaya.

Sai ya ce, "Ba wanda ya mutu, Inna. Mota lafiyarta lau. An sayar da ita a Ikko."

Ya ce Alhaji da kansa ya tarar a can, ya sa shi ya juye lodin a bakin ruwa, suka tsaya har aka loda wa jirgi. Nan Alhaji ya yi masa bayani. Mota na cin taya, tana cin mai, kowace iyakar ƙasa sai an kwana ana jira, in damina ta ɓata hanya kuwa sai yadda hali ya yi. Jirgin ruwa guda yana haɗiye lodin motoci masu yawa, ba shi da taya, ba ya faɗawa rami. Ya fi mota jinkiri, amma wake da kanwa ba su san sauri ba.

Inna ta ce, "To kai fa, ɗan nan?"

Ya sa hannu aljihu ya zaro wani ɗan makulli ya jefa kan tabarma. "Na wata motar ne, ƙarama, tana jirana a Gusau. Alhaji ya ce jirgin ruwa bai san hanyar kasuwar Bungudu ba, wake kuma ba ya zuwa tasha da ƙafarsa." Ya yi tsaki. "Ni, direban Gana, an maida ni ɗan kwasar ƙauye. Bungudu, Wonaka, Bilbis, in zube a tasha. Kullum gida zan kwana kamar mai ciwon ƙafa."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ni da ko dariya mai ƙarfi ban taɓa yi a gaban Inna ba! Masu jaje suka juyo suna kallona. Shi ya watso mini harara. Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ƙyale ta, riga ni ta yi."

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Wani abokin aikinsa bai sami ƙaramar mota ba, noma ya koma, kuma maigidana ya daɗe yana tuna matan da ke sayar musu da abinci a hanya. Na tausaya musu, Allah ya sani. Amma in na ce ban yi farin ciki ba na yi ƙarya.

Ya jima yana fushi da motar. Yakan shigo gari shiru, ya ajiye ta gindin bishiyar bedi, wai hon ɗinta kukan akuya ne, ba zai kunyata kansa ba. Sai wata rana gab da magariba, ina tuƙa tuwo, na ji daga kwana wata 'yar siririyar murya, dogo guda, gajeru biyu. Na saki muciya, har na kai bakin madafi. Sai na tsaya, na koma na ɗauke ta na ci gaba da tuƙi, ina dariya ni kaɗai. Gudun mi zan yi? Gobe ma zai dawo.