Kawu da Fararen Ɓeraye

Kawuna ya yi ƙuruciyarsa yana tallar maganin ɓera. Jaka a kafaɗa, lasifika a baki, yana bin layi yana kururuwa: "Ya ci, ya mutu!" Har yau a unguwa Ajalin Ɓera ake ce masa.

Ya bar sana'ar ne ranar da 'yar autarsa, tana rarrafe, ta buɗe jakar ta kai baki. Da ƙyar aka ceto ta. Kawu ya ƙone sauran kayan, ya daina kallon mutane ido cikin ido.

Bayan shekaru masu yawa, sai ga shi aikin da ya samu na kiwon ɓeraye ne, farare sol, a ɗakin gwajin magunguna. Mun yi dariya har da hawaye. Matarsa ta ce, "Malam, su dai bayin Allahn nan ba su san tarihinka ba."

Wata likitar haɗa magani ce ke tatsar danƙo daga ƙwallon tsamiya, tana so a riƙa kaurara maganin ruwa na yara da shi. Amma kafin ya kusanci bakin yaro, dole a ɗura wa ɓeraye a ga ko yana cutarwa. Da Kawu ya ji kalmar "yara", sai ya ɗauki abin kamar ransa.

Kullum da safe ya share keji, ya canja ruwa, ya ɗora kowanne a sikeli, ya riƙe shi a tafin hannu likita ta ɗura danƙon. In wani ya ƙi cin abinci, shi ma Kawu ba ya ci. Wallahi ya fi ɓerayen ramewa.

Da wa'adin gwajin ya cika aka ɗebi jininsu don duba hanta da ƙoda. Ran da sakamako ya fito, Kawu ya kasa shiga, ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Baba, shigo mana," in ji likita. "Lafiyarsu ƙalau. Da sauran gwaji a gaba, amma wannan mun haye."

Ya ajiye tsintsiyar, ya dawo gida. Autar tana tsakar gida tana goyon ɗanta. Ya daɗe yana kallonta, ido cikin ido, sannan ya ce a hankali, "Auta, sun ci, ba wanda ya mutu."