Farin Zanen da Na Ɗauka Na Umra Ne

Ni na yi kuskure, kuma ba wanda ya sa ni.

A Mansur nake zaune, nan cikin Makka, amma ina tuƙa motar kaya a wani sito da ke Bahra, can bayan iyakar gari, inda wanda ba Musulmi ba yake iya aiki. Mai yi mini lodi ɗan Nepal ne. Sadik nake ce masa, wato aboki da Larabci, shi kuma yana ce mini Hajji. Da guntun Larabcinmu muke hira.

Ubansa Hindu ne, uwarsa kuma addinin Buddha take bi, shi ya rasa inda zai tsaya. Ya sha gaya mini wannan muna shan shayi a inuwar mota.

"Hajji, in na yi bauta irin ta babana, sai in ji kewar zaman shirun nan na uwata. In na zauna irin nata, sai in ga kamar na juya wa babana baya."

"Sadik, bar su duka ka zo," nakan ce ina dariya. "Ga hanyar Makka nan a miƙe."

Gaskiya ban taɓa sauraronsa ba. Jira kawai nake ya musulunta a hannuna, a ce ni ne sanadi.

Lokacin aikin Hajji aka tura ni jigilar ruwa a Arfa. Ranar da na dawo sito, na tarar da shi zaune a bayan gini, kai a aske ƙwal, ya ɗaura farin zane marar ɗinki, ba takalmi. Mutumin Makka ya ga haka, umra kawai zai kawo a ransa. Ban tambaye shi komai ba, na ɗauka ya musulunta. Na yi kabbara, na rungume shi, na ƙwala wa sauran ma'aikata kira su zo su yi masa mabruk, wato barka. Jikinsa ya sandare, yana ture ni, ni kuma na zaci kunya ce. Har tsiren naman shanu da na sayo a Mansur na ɗora masa a hannu.

Ya sake shi, tsiren ya faɗi ƙasa.

"Hajji, uwata ta rasu."

A al'adar ubansa, ɗa mai makoki yana aske kai, ya ɗaura fari, ba ya cin nama ko gishiri, kuma ba a taɓa shi. Na taɓa shi, na kuma miƙa masa naman dabbar da ba sa ci ko a ranar farin ciki.

Da a nan na tsaya, da jahilci ne kawai. Amma mutane suna kallona, kunya ta koma mini fushi, sai na ce, "To kai da ba ka san addinin da kake bi ba, wa zai karɓi makokin naka?"

Wasu suka yi dariya. Daga baya wani ɗan garinsu ya gaya mini cewa ainihin abin da ke cinsa ke nan. Uwar ta so a kunna mata fitilu, malaman Buddha su yi mata karatu, shi kuwa ga shi yana yi mata makokin Hindu don kada ya ɓata wa ubansa rai. Yana tsoron ya zalunce ta ko bayan mutuwa.

Ya nemi a mayar da shi wata mota, aka mayar da shi. Muka daɗe muna wuce juna ba gaisuwa. Ko a Masallaci ina sujada, maganar nan tawa ce ke dawo mini. Ni ma uwata a Kano ta rasu, ban samu jana'izarta ba, na san yadda makokin baƙo yake.

Gashinsa ya fara tohowa kafin na iya zuwa wurinsa. Na tsaya ɗan nesa da shi, ban miƙa hannu ba.

"Sadik, ban yi maka ta'aziyyar mahaifiyarka ba, sai ma na ci mutuncinka a gaban mutane. Kana gaya mini damuwarka, ni kuma kaina nake tunani. Sannu da haƙuri. Ka yafe mini."