Bututun Ruwan Gero

Shekarun baya, lokacin muna haya a wani gidan yawa a unguwar Nima, saura ƙiris bututun ruwa ya raba mahaifiyata da sana'arta. Koko take yi. Da kokon nan ta rene mu, da shi ta kai ƙanwata jami'a. Ni kuwa da na ga boko ya fi ƙarfin kaina, sai na tattara na koma gyaran waya a shataletalen Circle.

Geron da take saye a Kasuwar Malam Atta sai an wanke shi sosai kafin a jiƙa, kuma ruwan wankin yakan fito da yashi da guntun dusa. A kusurwar tsakar gida take zubar da shi, cikin wani bututu da ya bi ta ƙarƙashin ɗakin mai gidan, ya yi kwana, sannan ya fita kwata. Mai gidan dattijo ne, Baba muke ce masa, kuma kullum da safe a daidai wannan kusurwar yake shimfiɗa buzunsa yana jan carbi.

To, bututun nan ya ɗauki ɗabi'ar toshewa. A zungure shi da ƙarfe yau, kafin wata ya zagayo ruwa mai tsami ya sake kwantawa a ƙofar Baba. Ranar da ruwan ya shiga har ƙarƙashin gadonsa, ya kira mahaifiyata ya ce, "Hajiya, ni ba na son faɗa. Amma in ya sake toshewa, ki nemi inda za ki kai kokonki." A Nima ina za ki samu filin kafa tukunya? Ranar ko abinci ba ta ci ba.

Ƙanwata tana shekarar ƙarshe a karatun injiniya, ta zo hutu. Ta tsuguna ta leƙa bakin bututun, ta ce, "Yaya, ara mini laftof ɗinka mai ƙarfin nan. Zan gina bututun nan a ciki." Na kwashe da dariya, na ce, "Injiniya, in kin gama ki gina mana bene a ciki mu tare."

Ba ta kula ni ba. Ta sa na riƙe mata igiya muka auna tsawon bututun da faɗinsa. Ta ɗebi ruwan wankin gero a kwalba, ta bar shi ya kwanta, ta shanya abin da ya taru, ta tankaɗe shi da rariyar Mma, wato mahaifiyarmu, don ta san girman ƙwayoyin. Mma na kallonta tana cewa, "Wannan karatu naku, har da satar rariya?"

Sai ta zana bututun a kwamfuta, ta yanka cikinsa ƙananan ɗakuna, ta ce a kowane ɗaki injin zai lissafa gudun ruwa. Ta zuba ƙwayoyi masu launin rawaya, su ne yashi da dusa. Gwajin farko, kai jama'a! Ƙwayoyin suka tarwatse kamar gugguru a kasko, wasu har suka ratsa bangon bututun suka tafi abinsu. Na ce, "Alhamdulillahi, dusa ta tafi aikin hajji." Ta harare ni, ta ce ta bar lissafin yana yin dogon taku ne, alhali ƙwayoyi sai an bi su a hankali fiye da ruwa. Ta gyara.

Kwana da kwanaki laftof ɗin yana huci. Sai da muka ɗora shi kan bulo biyu, muka juya masa fanka, muna addu'ar kada a ɗauke wuta. Da ya gama, sai ga ruwa ya kwashe ƙwayoyin tas, babu toshewa. Na yi murna, ita kuwa ta ɓata rai. Ta ce, "Ƙarya yake yi. Namu yana toshewa, wannan bai toshe ba, ke nan ba bututunmu ba ne." Wallahi a nan ta fara burge ni. Da ni ne, da na kai wa Baba hoton na ce kimiyya ta wanke mu.

Ta bayyana mini cewa ta bar ruwa yana tura ƙwayoyi, amma ƙwayoyin ba sa mayar masa da martani. A zahiri kuwa in suka taru sukan rage wa ruwan gudu, in ya rage gudu sai wasu su ƙara kwantawa. Dole ta haɗa lissafin biyu su riƙa ba juna labari a kowane taku. Ta haɗa. Saura abu ɗaya, ta ce, sai ta ga yadda ruwan ke shiga da idonta.

Da safe muka tsaya muna kallon Mma. Ga baho cike, amma ba ta juye shi ba. Da ƙaramin kwano take ɗiba, ta sunkuya, ta tsiyaya a hankali, kada ɗigo ya fallatsa wa buzun Baba, kada ƙara ta katse masa zikiri. Ƙanwata ta ce, "Mma, kullum haka kike zubawa?" Ta ce, "Da babban kwano nake yi a da. Tun da ya fara ƙorafi na koma ƙarami. Babba na zaune, zan sheƙa masa ruwa a gaba?"

Ƙanwata ta sa wa kwamfutar irin wannan tsiyayar. Da lissafin ya kammala muka ga rawayan ƙwayoyin suna tafiya a gajiye, suna kwantawa a kwanar nan, har suka rufe hanya. Ta sake wani gwajin da ruwa mai yawa a lokaci guda, ya share kwanar fes. Mma ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe ni ce nake toshe shi da ladabina." Sai na ga idonta ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo.

Ƙanwata ta ɗauki laftof ɗin ta je ta durƙusa gaban Baba, ta nuna masa duka biyun. Ya ce, "A sake nuna mini na farkon."

Washegari, bayan an zungure bututun, Mma ta cika baho, ta tsaya riƙe da bakinsa, ta kasa. Baba ya naɗe buzunsa, ya rataya carbi a wuya, ya zo ya kama ɗaya gefen. Ya ce, "Hajiya, bismillah." Suka juye tare. Bututun ya yi wata irin gyatsa, na ruga waje na ga ruwan yana fita da ƙarfi cikin kwata. Tun daga ranar bai sake tara mana ruwa ba, kuma ba a sake zancen tashi ba.

Har yau in na tuna, ba kwamfutar ce ke ba ni mamaki ba, yarinyar ce. Ta samu amsar da muke so ta ƙi karɓa, sannan ta gane sai ta kalli hannun mahaifiyarta kafin lissafinta ya zama gaskiya. Ina alfahari da ita, ko da yake a gabanta ba na faɗa, kada kanta ya kumbura.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa sun bar Mma a gidan, tana nan tana kokonta. Kwanaki na je da safe na same ta za ta juye baho. Babu kowa a kusurwar, amma sai da ta ɗan rusuna ta ce, "Gafara, Baba," sannan ta sheƙa ruwan.