Ragon da Ya Hana Mu Zuwa Tamale

Shekara uku na yi ina tsaron raga a kwalejin horon malamai da na yi a Salaga, kuma a cikin shekarun nan mahaifina bai taɓa taka bakin filinmu ba, alhali daga rumfarsa ta doya ana jin usur ɗin alƙalin wasa idan iska ta juyo. Ra'ayinsa game da ƙwallo gajere ne. Ya ce kakanninmu sun taka daga nan har ƙasar Hausa da jakunan goro, su dai sun san abin da suke bi. Mu kuwa ƙarti ashirin da biyu muna bin fata guda, wanda ya same ta ma harbar da ita yake yi. Ni da nake gola na fi ba shi haushi. Wai ya kai ni makaranta don in zama malami, sai ga ni na ƙare a gadi, gadin ma na ƙofar da ba ta da ƙyaure.

Ni kuwa na iya, ba yabon kai ba. Abu ɗaya ke nan a duniya da na san na fi tsarana, kuma ina son sa fiye da yadda zan iya faɗa a gidanmu.

A shekarata ta ƙarshe aka haɗa mu rukuni ɗaya da wata kwaleji ta Yendi da wata ta Bawku. Kowa zai kara da kowa sau biyu, gida da waje, wanda ya zo na ɗaya ya wuce Tamale. A Tamale kuwa masu neman 'yan wasa na manyan kulob suke zuwa su zauna da ƙananan littattafansu. Na yi ta maza na je rumfa na tsuguna, na roƙi Baba cewa idan muka kai Tamale, wani ya ga ina da amfani, ya bar ni in gwada ko da shekara guda ce.

Ya ɓare goro, ya dube ni, ya ce, "Idan kun je Tamale, ka tafi. Idan ba ku je ba, ka rataye safar hannun nan, kada in ƙara jin zancen."

Ya amince da sauri ne don ya san tarihinmu. Tun da aka kafa kwalejin ba mu taɓa wuce rukuni ba. Kocinmu malamin labarin ƙasa ne, mutumin Yendi, wanda muke kira Masta, kuma an ba shi ƙungiyar ne saboda shi kaɗai yake da usur a cikin malamai. Dabararsa ɗaya ce, daga farkon wasa har ƙarshe yana bakin layi yana cewa a buga gaba. Filinmu kuma a karkace yake, ƙwallo in ka ajiye ta sai ta kama hanyar kasuwa da kanta, sannan kafin kowane wasa sai mun kwashe abin da shanun mahauta suka bar mana. Amma Baba ɗan kasuwa ne, in ya faɗi magana ta zauna. Wannan kowa a Salaga ya shaide shi.

Wasan farko 'yan Yendi suka zo mana. Muka doke su biyu da nema, ɗaya ma ɗan bayansu ne ya taimaka mana da ita, don bai san halin gangaren filinmu ba. Baba da ya ji sai ya ce ko makaho yakan tsinci kuɗi a hanya.

Zuwa Yendi motar kwaleji ta mutu mana a Bimbila, kamar yadda ta saba mutuwa duk inda ta ga inuwa. A saman lorin doya muka ƙarasa, kowa doya na tokarinsa. Mun shiga fili ƙafafu a sage, 'yan Yendi suka tare a gaban ragarmu minti casa'in. Ranar na kama abin da ban san zan iya kamawa ba, har da fenariti ana dab da tashi. Aka tashi babu ci. Direban lorin ya tsaya ya kalli wasan, shi ya kai labari tashar doya, kafin in dawo an riga an je an taya Baba murna a rumfa. Wai ɗansa danƙo ne a hannunsa. Bai yi dariya ba, kuma daga ranar ya daina tsokanata.

'Yan Bawku suka zo Salaga muka ba su ɗaya mai ban haushi. Wanda ya zura ta ɗan gefenmu ne na hagu, siririn yaro mai yawan ibada da muke kira Ustaz. Su kuma 'yan Bawku sun riga sun lallasa Yendi gida da waje, don haka lissafi ya tsaya a wasan ƙarshe, a garinsu. Ko kunnen doki muka yi, mu ke zuwa Tamale.

A makon wasan ne Baba ya kira ni, karo na farko a rayuwata, ya yi mini tambaya a kan ƙwallo. Saura wasa nawa, a ina za a yi, wace rana, ƙarfe nawa. Na ce ɗaya ne, a Bawku, ranar Alhamis, ƙarfe uku. Ya gyaɗa kai. Na fita daga rumfar nan kamar in yi rawa, ina cewa a raina tsoho ya fara saukowa.

Akwai wani gida a Bawku da gidanmu yake da tsohon zumunci da shi. Tun zamanin fataucin goro kakan mai gidan ne mai masaukin kakana in ya je can, kakana kuma nasa in ya zo Salaga. Mai gidan na lokacin wani Alhaji ne dillalin shanu, tsaran Baba. Ƙa'idar a bayyane take: ɗan gidanmu ba ya shiga Bawku ya fita bai je gidan ba, kuma abin da aka ajiye masa a kwano ba ya barinsa. Barin abinci a gidan mai masauki tamkar ka ce zumuncin ya ishe ka ne. Ba mu kaɗai ba, duk wanda ya tashi a zango, unguwar Hausawa, ya san wannan tun yana rarrafe.

Ranar tafiya Baba ya sa aka ɗaure mini manyan doya goma sha biyu da ƙullin goro, ya ce in kai wa Alhaji hannu da hannu. Ya ce in kai kafin wasa, don bayan wasa hanya za mu kama, kuma in ja abokaina su taya ni ɗauka, kada in gajiyar da hannun kamun ƙwallo. Har cikin zuciyata na ji daɗin wannan magana ta ƙarshe.

Laraba muka isa, muka kwana a wani aji. Da safe masu masaukinmu na kwaleji suka ba mu kokon da kana iya hango gindin kofi ta cikinsa. Saboda haka da na ce zan je gaisuwa gidan dillalin shanu, duk ƙungiyar ta tuna tana da ladabi. Masta ya ce shi ma zai raka mu don ya tabbatar ba mu wuce minti goma ba.

Muna shiga na ga fatar rago ɗanya an shanya a jikin katanga, an shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gida daidai yawanmu. Ko wannan bai sa na yi tunanin komai ba. Alhaji ya rungume ni, ya tambayi Baba, ya tambayi doya, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen da suka mutu tun ban san kaina ba. Aka kawo ruwa, aka kawo fura mai kauri. Muna sha muna shirin sallama sai ga kwanuka suna fitowa daga cikin gida a jere: tuwo da miyar ayoyo, shinkafa da wake, zabbi soyayyu, sannan ragon kansa a cikin wani daro da mutum biyu suka kamo.

Masta ya miƙe, ya gyara murya, ya yi godiya, ya ce yaran nan suna da wasa ƙarfe uku, a yi haƙuri a ajiye musu.

Alhaji ya dube shi da murmushi ya ce, "Masta, kai ɗan ina ne?"

"Yendi, Alhaji."

"To a Yendi, baƙo yana barin kwano a gidan mai masaukin kakansa?"

Masta ya waiga ya dube ni, ya dubi daron, ya koma ya zauna ya wanke hannu. Daga baya ya sha faɗa a ɗakin malamai cewa don mutuncina ya zauna. Ni dai da idona na ga ya tsotse ƙashi uku.

Ustaz kaɗai ya tsira, don Alhamis ce, yana azumin nafila. Alhaji ya ja da shi kaɗan, ya ga abin tsakaninsa da Allah ne, ya haƙura ya sa aka ƙulle masa nasa. Ni kuwa da nake ɗan gida kusa da ni ya dawo ya zauna, yana yagar nama da hannunsa yana zuba mini. In na ɗaga kai sai ya ce ai an gaya masa gola ba ya gudu, tsayuwa kawai yake yi. Na san abin da nake yi wa kaina, kowace loma na sani. Amma in ce na ƙoshi a gaban dattijon nan, labari ya koma Salaga cewa ɗan wane ya ture kwano a Bawku, wannan bakina ya kasa. Da muka tashi sallar Azahar, a ruku'un farko na tabbatar Tamale ta yi mana nisa.

Ba sai na ja zancen wasan ba. Minti goma na farko mun yi abin kirki, daga nan fura ta fara aikinta. 'Yan bayanmu suna juyawa kamar lori a lungu. Ƙwallon farko na gan ta tun daga ƙafar mai bugawa, na san kusurwar da za ta, zuciyata ta yi tsalle ta kama ta, jikina yana nan tsaye. Wata mai sayar da ruwa a bayan raga ta tambaye ni, da gaske take, ko mu malaman kwalejin ne aka turo a madadin ɗalibai. Masta bai ce a buga gaba ko sau ɗaya ba, yana kan benci yana gyangyaɗi. Ustaz ya yi ta gudu shi kaɗai da bakin azumi har ya zura ɗaya. Su suka zura huɗu.

A mota ba abin da ake ji sai gyatsa. Muna wuce Zebila na juya fuskata ga taga na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ban ga laifin kowa ba sai nawa.

Da na koma, Baba ya tambayi lafiyar Alhaji da ta shanunsa, ya tambaya ko an karɓe mu da kyau. Wasa bai tambaya ba, ni ma ban jira ya tuna mini alkawari ba. Na rataye safar a ƙusa cikin rumfa. Daga baya 'yan dako suka gano tana hana doya cin hannu, suka ƙarasa ta. Na yi koyarwa shekara bakwai, da ƙafar Baba ta fara ciwo na dawo rumfa, inda nake har yau.

Shekara goma sha biyu bayan wasan nan Baba ya rasu. Ranar addu'ar bakwai Alhaji ya zo daga Bawku, ya tsufa, yana dogara sanda. Bayan mutane sun ragu da hantsi ya zauna yana lissafa mini halayen amininsa, cewa bai taɓa ganin mutum mai hangen nesa irinsa ba. Sai ya fara dariya, ya tambaye ni ko na tuna ragon nan.

"Ai ba nawa ba ne, ɗana. Babanka ya aiko shi tun Litinin a lorin doya. Ya kira ni a waya ya ce, yarona na zuwa da mutanensa, suna da bol ƙarfe uku, kada ka bar su su tashi sai tukunya ta yi fari."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce Baba tsoro yake ji kada in tafi kudu a karya mini ƙafa in dawo ba sana'a, kuma ba ya son ya saɓa maganar da ya ba ni. Ya ce in gode wa Allah da ya ba ni uba mai sona haka.

Na zauna ina kallon tabarma. Shekara goma sha biyu ina zagin kaina a kan loma, ashe ciniki ne dattawa biyu suka ƙulla a waya, ni ne hajar. Na ji haushin da ban taɓa ji ba, ga wanda zan yi wa yana ƙarƙashin ƙasa kwana bakwai, ina kewarsa kamar raina zai fita. Kuma ko a lokacin ban iya cewa ya yi mini ƙarya ba. Ya ce in mun je Tamale in tafi, ba mu je ba.

Alhaji ya jawo sandarsa ya ce zai kama motar ƙarfe ɗaya, don yana son ya kwana a Tamale. Na ce ya dakata. Na leƙa cikin gida na ce a kawo sakwara, malmala huɗu, da duk naman sadakar da ya rage. Da ya ga kwanukan ya ɗaga hannu, ya ce haƙora sun ƙare, cikin ma ba na da ba ne, ga mota tana jira.

Na ce, "Baba Alhaji, a Bawku baƙo yana barin kwano a gidan mai masaukin kakansa?"

Ya dube ni. Sannan ya jingine sandar, ya ce lallai ni ɗan ubana ne, ya miƙo hannu na zuba masa ruwa. Na matso kusa da shi na zauna ina yagar nama ƙanana ƙanana ina tura masa. Motar ƙarfe ɗaya ta tafi ba shi, ta ƙarfe uku ma haka.